Yadda Ake Sarrafa Launi da Kaurin Layi Wajen Buga Zanen Injiniya a AutoCAD

Abin da ya fi ruɗa mai koyon AutoCAD idan ya zo buga aikinsa shi ne yadda zanen da ya yi kyau a kan baƙin allo yake fitowa wani iri a kan farar takarda. Layukan rawaya, waɗanda suka fi kowane layi ɗaukar ido a kwamfuta, sai an kanne ido kafin a gan su. Bangon da aka yanka da layin awon da ke gefensa duk kaurinsu ɗaya, ta yadda magini ba zai iya bambance gini da rubutu ba sai ya tsaya ya ƙura ido. Wani lokaci kuma an zaɓi bugun baƙi da fari, amma sai ga ƙofofi biyu ko uku sun fito da ja. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake laifin firinta ne. Dukkansu sun samo asali ne daga rashin sanin cewa launin da ake gani a allo ba tawada ba ne, lakabi ne da ke faɗa wa manhajar irin alƙalamin da za ta ɗauka idan lokacin bugu ya yi.

Wannan tsari gado ne daga zamanin filota mai alƙalami. Lokacin da kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD a ƙarshen shekarar 1982, na'urorin buga zane suna riƙe da alƙaluman tawada na gaske, suna jan su a kan takarda. Filotar HP 7475A, wadda ta fito a 1983, tana ɗaukar alƙaluma shida, kuma hanyar da mai zane yake gaya mata ta ajiye wannan ta ɗauki wancan ita ce lambar launi: duk abin da aka zana da launi na 1 ya tafi ga alƙalami na 1. Ko mai zane ya ɗura jar tawada a wannan gurbi ko baƙa, siriri ne bakin alƙalamin ko mai kauri, wannan ba ruwan kwamfuta. Ya yi kama da alamar da 'yan kasuwa ke yi wa buhunan hatsi kafin a loda mota, wadda ba ta nuna abin da ke cikin buhun, sai dai inda za a kai shi. Alƙaluman sun tafi, amma tsarin ya zauna, kuma tun daga AutoCAD 2000 aka tattara shi cikin wani ɗan ƙaramin fayil mai ƙarshen suna CTB.

A tsara kaurin layi kafin a taɓa saiti

Kafin a buɗe kowane akwatin saiti, ya kamata mai zane ya yanke shawara a kan kauri nawa yake buƙata da abin da kowanne zai wakilta. Ƙa'idar ISO 128 ta ba da jerin kaurin layi da milimita kamar haka: 0.13, 0.18, 0.25, 0.35, 0.5, 0.7, 1.0, 1.4 da 2.0. Kowane kauri ya ninka na bayansa da kusan 1.4, kuma ba a banza aka yi haka ba, domin da wannan ninkin ne girman takardun A4, A3, A2, A1 da A0 yake hawa. Idan aka rage zane daga A2 zuwa A3, layin 0.5 zai koma 0.35, wato har yanzu yana cikin jerin.

Zane ɗaya ba ya buƙatar duka tara. A zanen gine-gine ƙa'idar ta tanadi siriri, mai kauri da mai kauri ƙwarai, a kan ninkin 1:2:4. Ga fulan ɗin gida mai sikelin 1:100 a takardar A1, 0.18 da 0.35 da 0.7 sun wadatar, tare da 0.25 domin rubutu. Abin da yankan ya ratsa, kamar bangon bulo da ginshiƙi, shi ke ɗaukar mai kauri ƙwarai. Abin da ake hange ba tare da an yanka shi ba, kamar matakala da bakin taga, ya ɗauki matsakaici. Layukan awo, layin tsakiya da cikon da ke nuna kankare ko ƙasa su ɗauki siriri. A zanen injiniyan gini kuwa lissafin yakan juye: rodi shi ne abin da aka zana takardar dominsa, saboda haka shi ke ɗaukar layi mafi kauri, gefen kankaren ya koma siriri, domin mai ɗaurin rodi ya ga lanƙwasar ƙarfensa tun daga nesa. Game da rubutu, ƙa'idar da aka saba bi ita ce kaurin layin harafi ya zama kashi ɗaya bisa goma na tsayinsa, wato harafi mai tsayin milimita 2.5 ya ɗauki 0.25, mai 3.5 ya ɗauki 0.35.

Sai kuma shawara ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko muhimmanci: daga ina kaurin zai fito? AutoCAD ta ba da wuri uku. Ana iya sa wa shi kansa layin kauri, ana iya sa wa leyar da yake ciki, wato rukunin da ake tara abubuwa iri ɗaya a cikinsa, kamar bango ko awo, ana kuma iya barin fayil ɗin CTB ya yanke hukunci bisa lambar launi. Idan CTB ya ambaci kauri ga wani launi, maganarsa ce ke tsayawa, ko da me aka rubuta a leya. Idan kuma aka bar shi a kan Use object lineweight, to na leya ko na layin ne zai fito, kuma leyar da ba a sa mata komai ba za ta ɗauki 0.25, wanda shi ne asalin ƙimar saitin LWDEFAULT. Kowace hanya tana aiki idan aka riƙe ta ita kaɗai. Rikici yana tasowa ne a ofishin da rabin launukansa ke karɓar kauri daga CTB, rabi daga leya, sannan wani ma'aikaci ya bi wasu layuka ɗaya bayan ɗaya ya canza musu da hannu. Irin wannan zane, ko wanda ya yi shi ba zai iya faɗin yadda zai fito ba sai ya buga.

Yadda ake gina fayil ɗin CTB na ofis

Launukan da CTB ya sani guda 255 ne, waɗanda ake samu a shafin Index Color. Na 1 ja ne, na 2 rawaya, na 3 kore, na 4 shuɗi mai haske, na 5 shuɗi, na 6 ja mai sirkin shunayya, na 7 kuma yana fitowa fari a kan baƙin allo, baƙi a kan farar takarda. Na 8 da na 9 toka-toka ne, haka ma daga 250 zuwa 255, waɗanda ke tashi daga mai duhu zuwa mai haske.

A rubuta umarnin STYLESMANAGER, zai buɗe foldar da fayilolin suke. Kada a gyara monochrome.ctb kai tsaye. A kwafe shi, a ba kwafin suna mai ma'ana, misali sunan ofis da girman takarda, sannan a danna shi sau biyu domin akwatin gyara ya buɗe. Dalilin farawa daga monochrome.ctb shi ne an riga an mayar da duka launuka 255 zuwa baƙi a cikinsa, an kuma bar kaurinsu a kan na abin da aka zana, saboda haka aikin da ya rage kaɗan ne. A shiga shafin Form View, inda jerin launuka yake a hagu, halayen kowanne kuma a dama. A zaɓi launi na 1, a je Lineweight a ba shi 0.18, a bi sauran haka. Idan ana so a canza launuka da yawa a lokaci ɗaya, a danna na farko, a riƙe Shift, a danna na ƙarshe.

Wane launi zai ɗauki wane kauri, wannan zaɓin ofis ne, amma akwai tsohuwar al'ada mai sauƙin tunawa. Alƙaluman zane irin na Rotring suna da zoben launi da ke nuna kaurin bakinsu: 0.18 ja, 0.25 fari, 0.35 rawaya, 0.5 ruwan ƙasa, 0.7 shuɗi. Ofisoshi da dama sun ɗauko wannan tsari suka zuba a CTB ɗinsu, ta yadda wanda ya koyi zane a kan allon katako yana ganin launi ya san kauri. Matsala ɗaya da ke tattare da shi ita ce launi na 5 yana da wahalar gani a kan baƙin allo, alhali shi aka ɗora wa bango. Mai zanen da ke yini a gaban kwamfuta yana iya maye gurbinsa da na 4, ba abin da zai ragu.

Yana da kyau a keɓe wasu lambobi kaɗan da za su riƙe launinsu ko da a bugun baƙi da fari. Misali, a zaɓi launi na 10, wanda a ido ja ne sak kamar na 1, a sa Color ɗinsa a kan Use object color. Daga nan duk abin da ake so ya fito da ja a takarda, kamar iyakar fili, layin bututun kashe gobara ko alamar da ke zagaye gyaran da aka yi, sai a ba leyarsa launi na 10, sauran zanen ya ci gaba da zama baƙi. Wannan dabara ta fi a riƙa sauya CTB duk lokacin da ake son layi ɗaya mai launi.

Sauran halayen da ke cikin akwatin, irin su lambar alƙalami da siffar ƙarshen layi, a bar su yadda suke. Linetype ma a bar shi a kan na abin da aka zana, domin idan CTB ya fara canza layi miƙaƙƙe zuwa tsinke-tsinke, abin da ke allo da abin da ke takarda sun rabu ke nan.

Bayan an adana fayil ɗin, a koma shafin Layout, inda ake tsara takardar bugu, a rubuta PAGESETUP, a zaɓi Modify. A kusurwar sama ta dama a zaɓi sabon CTB, a tabbatar akwai alama a kan Plot with plot styles, domin idan babu ita manhajar za ta yi watsi da fayil ɗin gaba ɗaya. A ƙarƙashin sunan fayil ɗin akwai wani ɗan akwati, Display plot styles, wanda mutane da yawa ba sa kula da shi. Idan aka sa masa alama, aka kuma kunna LWDISPLAY, shafin zai riƙa nuna zanen da launi da kaurin da zai fito da su, tun kafin a kai ga Preview. Wani lokaci sai an rubuta REGENALL kafin canjin ya bayyana.

Baƙi zalla, toka-toka, ko launi

Fayiloli uku ne aka fi zaɓa cikin waɗanda suka zo da manhajar, kuma ana yawan rikita biyu daga ciki. Acad.ctb yana buga kowane abu da launinsa na allo. Monochrome.ctb yana mayar da komai baƙi ƙirin. Grayscale.ctb kuwa yana mayar da kowane launi zuwa toka gwargwadon haskensa, abin da ke nufin shuɗi zai fito da duhu, rawaya kuma ya kusa ɓacewa. Wanda ya zaɓi acad.ctb ya aika wa firintar da ba ta da launi, sakamakon da zai samu kusan irin na grayscale ne, domin firintar za ta kwaikwayi kowane launi da ɗige-ɗige, layuka su fito kamar an yayyafa su. Wannan shi ne musabbabin mafi yawan zanen da ake gani ya koɗe tun yana sabo.

Ga zanen da za a kai wurin aiki, ra'ayina shi ne baƙi zalla. Takardar da ta isa hannun birkila za ta sha rana da ƙura, za a naɗe ta a cusa a aljihu, kuma kusan tabbas wani zai yi mata fotokwafi. Bayanin da aka ɗora a kan launi kaɗai, kamar a ce jan layi ruwan zafi ne, shuɗi ruwan sanyi, yana mutuwa a fotokwafin farko. Bayanin da aka ɗora a kan kauri da nau'in layi da rubutaccen lakabi yana rayuwa. Ko a zanen da dole sai an yi amfani da launi, kamar na haɗa bututu da wayarin da iyakwandishan a takarda ɗaya, ya kamata kowane layi ya kasance da wata alama ta biyu bayan launinsa, saboda akwai masu karatun zane da idonsu ba ya bambance ja da kore.

Inda toka take da amfani na gaske shi ne wajen tura wani sashe na zane baya. Injiniyan lantarki yana buƙatar fulan ɗin mai zanen gini ya bayyana a ƙarƙashin aikinsa, amma ba ya so bango ya yi gasa da layin waya. Hanyar yin haka ita ce Screening, wanda ke ƙayyade yawan tawadar da za a zuba: 100 cikakken launi ne, 0 kuma fari ne, babu tawada ko kaɗan. A zaɓi launi na 8 a CTB, a bar Color a kan baƙi, a sa Screening tsakanin 40 da 60, a tabbatar Dither yana kunne, domin sai da shi wannan saiti yake aiki. Sai dai a lura da cewa firintar leza ba ta da tawadar toka, ɗige-ɗigen baƙi take jerawa. Idan layin ya yi siriri da yawa, kamar 0.13, ɗigon ba ya samun wurin zama, sai layin ya fito a tsattsinke har a ɗauke shi layin abin da ke ɓoye. Saboda haka layin da aka rage wa tawada a ba shi kauri 0.25 ko sama da haka. Ga ciko mai faɗi, kamar inuwar bango, 20 zuwa 30 ya isa, sannan a rubuta HATCHTOBACK domin cikon ya koma ƙarƙashin layuka, kada ya rufe su.

Akwai kuma Transparency, wanda ya shigo a AutoCAD 2011. Ba ya fitowa a takarda sai an sa alama a kan Plot transparency, kuma idan an sa, manhajar tana mayar da zanen hoto kafin ta aika, abin da ke jawo jinkiri da ƙaton fayil. Idan toka kawai ake so, Screening ya fi sauƙi.

Abubuwan da ke ƙin bin umarnin CTB

A nan ne mafi yawan lokaci yake tafiya. An zaɓi monochrome.ctb, an duba Preview, amma wasu abubuwa sun ƙi zama baƙi.

Wanda ya kamata a fara zargi shi ne True Color. Tun daga AutoCAD 2004, akwatin zaɓen launi yana da shafuka uku, kuma launin da aka ɗauko daga shafin True Color ko Color Books ba ya cikin 255 ɗin da CTB yake mayarwa baƙi, saboda haka da launinsa yake fita. Gane shi ba wuya: a jerin leyoyi, maimakon suna ko lamba ɗaya, za a ga lambobi uku da waƙafi a tsakaninsu, kamar 255,0,0. A ido ja ne irin na 1, amma a wurin CTB baƙo ne. Maganinsa shi ne a canza launin leyar zuwa lamba daga shafin Index Color. Zanen da aka fitar daga wata manhaja, ko aka mayar daga PDF, yakan zo cike da irin waɗannan launuka. Wannan hali yana da amfaninsa ga wanda ya san shi: tambarin kamfani da aka zana da True Color zai riƙe launinsa a kowane CTB, kuma cikon da aka ba 255,255,255 zai fito fari tas, ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa, alhali launi na 255 na Index Color baƙi zai fito a monochrome.ctb.

Na biyu shi ne abin da aka sa wa launi da hannu maimakon ByLayer, wato bin launin leyarsa. An canza launin leya, amma layin bai motsa ba, domin yana riƙe da nasa. Umarnin SETBYLAYER yana gyara wannan a zane gaba ɗaya, kuma yana tambaya ko a haɗa da abin da ke cikin bulok, wato dunƙulallun zane da ake maimaitawa kamar ƙofa ko soket. A amsa da e, amma a adana kwafin zanen tukuna, saboda wani launin da gangan aka sa shi. Domin kauce wa matsalar tun daga tushe, a zana abin da ke cikin bulok a leyar 0 da launin ByLayer, ta yadda zai ɗauki halin duk leyar da aka ajiye shi. Rubutun MTEXT yana iya ɓoye launi a cikinsa, wanda sai an buɗe rubutun an zaɓi kalmomin sannan a cire. Layukan awo kuma launinsu yana cikin DIMSTYLE, inda layi da rubutu kowanne yake da nasa gurbin.

Na uku shi ne zanen wani da aka jingino ta hanyar Xref. Dusashewar da yake nunawa a allo, wadda XDWGFADECTL ke sarrafawa, ta allo ce kawai, ba ta zuwa takarda, kuma wannan ya yaudari mutane da yawa. Idan ana so ya fito da toka, a zaɓi leyoyinsa a cikin zanen da ake aiki a kai, a ba su launi na 8, a tabbatar VISRETAIN yana kan 1 domin canjin ya zauna bayan an rufe fayil. Idan mai asalin zanen ya sa wa abubuwansa launi da hannu, XREFOVERRIDE a kan 1 zai tilasta musu bin leya ba tare da an taɓa fayil ɗinsa ba. Wannan saiti yana nan daga AutoCAD 2016 zuwa sama.

Hotuna ba sa jin maganar CTB kwata-kwata, sai dai a mayar da su baƙi da fari kafin a shigo da su, ko a yi hakan a saitin ita firintar. PDF da aka shimfiɗa a ƙarƙashin zane yana da nasa zaɓin Monochrome a cikin Properties. Kauri ma yana da masu bijire masa: rubutun TrueType, kamar Arial, ba ya canzawa da kaurin alƙalami, amma na SHX, kamar romans, yana canzawa, kuma idan aka ba ƙaramin rubutun SHX launin da ke ɗauke da 0.7 sai haruffan su toshe. Layin PLINE da aka ba faɗi na kansa shi ma da faɗinsa yake fita.

Idan kuwa tagar kallo ɗaya ce, wato ɗaya daga cikin akwatunan da ke nuna zanen a shafin Layout, gaba ɗayanta ta fito da launi alhali sauran shafin baƙi ne, a duba yanayin bugunta. A zaɓi gefen tagar, a buɗe Properties, a nemi Shade plot. Tagar da ke kan salon kallo mai inuwa, irin su Conceptual ko Realistic, ana buga ta ne kamar hoto. A mayar da salon kallon zuwa 2D Wireframe, ko a sa Shade plot a kan Legacy wireframe, ko Legacy hidden idan ana so a ɓoye layukan bayan abu mai jiki uku. Idan da gangan ake son hoton mai inuwa, ingancinsa yana ƙarƙashin Quality, inda Normal ke kaiwa ɗigo 300 a inci, Presentation kuma 600. Shi gefen tagar, a ajiye shi a leyar da aka kashe wa alamar firinta. Mutane da yawa suna jefa shi a leyar Defpoints saboda ba ta fitowa a bugu, amma manhajar ta ƙirƙire ta ne domin ɗigon awo, kuma leya ta musamman ta fi tsabta.

Akwai wata dama da ke cikin tagar kallo wadda ta rage buƙatar tara CTB barkatai. Idan aka danna sau biyu a cikin taga aka buɗe jerin leyoyi, za a ga ƙarin ginshiƙai, VP Color da VP Lineweight, waɗanda ke canza halin leya a wannan tagar kaɗai. Da su bango ɗaya zai fito da kauri a shafin gini, ya fito da toka a shafin lantarki, ba tare da an kwafi komai ba.

Idan jerin ya nuna STB maimakon CTB

Wani lokaci a buɗe zanen da aka aiko, a je zaɓen CTB, a tarar babu ko ɗaya, sai fayiloli masu ƙarshen STB. Wannan zane yana kan ɗaya tsarin ne, wanda salon bugu yake da suna, kamar Siriri ko Mai kauri, ana kuma liƙa shi ga leya ba tare da la'akari da launinta ba. PSTYLEMODE yana nuna inda aka tsaya: 1 na launi ne, 0 na suna. Zane ɗaya ba ya ɗaukar duka biyun. Umarnin CONVERTPSTYLES yana sauya shi, amma daga suna zuwa launi sunayen da aka liƙa wa leyoyi za su ɓace, daga launi zuwa suna kuma sai an fara da CONVERTCTB. Tarkon da ke cikin STB shi ne salon Normal, wanda ba ya gyaruwa kuma yana barin abu da launinsa, saboda haka zaɓen monochrome.stb ba ya mayar da komai baƙi sai an ba leyoyin Style 1. A tsari STB ya fi 'yanci, tunda yana raba launi da kauri, amma ga ofishin da ke musayar zane da mutane da yawa CTB ya fi sauƙin sha'ani, ga shi BricsCAD da ZWCAD da GstarCAD duk suna karanta shi.

Rage girma da kai aiki shagon bugu

Zanen da aka tsara domin A1, mai milimita 594 da 841, sau da yawa a A3 ake buga shi domin dubawa, wato rabin tsawo da rabin faɗi. Sikelin 1:50 ya koma 1:100, amma kaurin layi ba ya raguwa da kansa, shi ya sa bango da rubutu suke cunkushewa. A shafin Layout, idan aka sa sikelin bugu a kan 1:2, a sa alama a kan Scale lineweights: 0.7 zai koma 0.35, 0.5 ya koma 0.25. Sai dai 0.18 zai koma 0.09, wanda wasu firintoci ba sa fitar da shi da kyau. Ofishin da ke yawan yin haka gara ya yi CTB na biyu domin A3, inda aka rage masu kaurin amma aka tsayar da mafi siriri a 0.13. Kowane haɗi na takarda da firinta da CTB a adana shi da suna a cikin PAGESETUP, domin PUBLISH ya iya ɗora shi a kan shafuka da yawa a lokaci ɗaya, PSETUPIN kuma ya shigo da shi cikin wani zanen.

Abin da ya kamata a sani shi ne CTB ba ya cikin fayil ɗin DWG, wato fayil ɗin zanen kansa, sunansa kawai zanen yake riƙewa. Wanda ya ɗauki DWG a filash ya kai shagon bugu, kamar yadda ake yawan yi idan za a kai zane neman izinin gini a KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, kwamfutar shagon za ta nuna sunan fayil ɗin da kalmar missing a gefensa, mai shagon kuma zai zaɓi wanda ya samu ya buga. Mafita ita ce a buga zuwa PDF a kwamfutar da aka yi aikin, ta hanyar DWG To PDF.pc3, a kan ainihin girman takardar da ake so, domin launi da kauri su daskare a ciki. A buɗe PDF ɗin a zuƙo shi sosai a duba kusurwa ɗaya mai cunkoso, kamar mahaɗar ginshiƙi da bim, inda rodi da awo da rubutu suka taru. A shagon kuma a gaya wa mai bugu ya zaɓi Actual size, kada ya bar shi a kan Fit, saboda Fit yana rage zanen kaɗan domin ya shiga iyakar firinta, sikelin ya lalace ba tare da ido ya gani ba. Kafin a biya kuɗin sauran shafuka, a ɗora rula a kan na farko: a sikelin 1:100, bangon da aka rubuta masa mita 5 dole ya auna milimita 50. Idan kuwa abokin aiki ne yake buƙatar DWG ɗin kansa, a haɗa masa da umarnin ETRANSMIT, wanda ke tattara zanen da Xref ɗinsa da fayilolin rubutu da CTB cikin ƙunshi ɗaya, shi kuma ya zuba CTB ɗin a foldar da STYLESMANAGER ya buɗe masa.